Filin Tambaya da Amsa: Yadda Aka Yaƙi Agana Unguwa-Unguwa

Tun da labarin ƙyandar biri ya yawaita a rediyo, wasiƙun da ke shigo mana suka karkata ga babbar yayarta, wato agana. Mun zaɓi guda bakwai a wannan fitowar, mun taƙaita su, masu kula da shafinmu na lafiyar al'umma kuma suka amsa.

Kakata tana da zanzana a fuska, kuma ba ta kiran cutar da sunanta, sai dai ta ce 'yan rani. Wace irin cuta ce, kuma da me ta bambanta da ƙarambau da yaranmu ke yi?
*Wata uwa daga Funtuwa*

Hajiya, Allah Ya ƙara wa Kaka lafiya. Sunan da take kiran cutar da shi yana da tushe, domin a ƙasashenmu agana takan yi ƙarfi ne da rani, ta lafa da damina. Ƙwayar cutar ta fi daɗewa a raye cikin busasshiyar iska, kuma rani ne lokacin tafiye-tafiye da bukukuwa da cin rani.

Ƙwayar tana shiga ta numfashi, galibi idan an zauna fuska da fuska da mai cutar, wani lokaci kuma ta tufafinsa da shimfiɗarsa. Takan ɓuya a jiki kwana 10 zuwa 14, wani lokaci daga 7 har 19, mutum yana harkarsa lafiya lau, ba ya kuma harbin kowa. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, da ciwon kai da ciwon baya mai tsanani. Bayan kwana biyu zuwa huɗu ƙuraje su fito, su fara daga cikin baki da fuska, su gangara hannuwa da ƙafafu. Makon farko na fitowar ƙurajen shi ne lokacin da ya fi yaɗa cutar, kuma ba a cewa ya daina sai ɓawon ƙurji na ƙarshe ya faɗi, wajen mako uku zuwa huɗu.

Ma'aikatan da suka yi aikin agana da ido suke rarrabe ta da ƙarambau. Ƙurajen agana sun fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu da tafin ƙafa, na ƙarambau kuwa sun fi taruwa a ƙirji da baya da ciki, da wuya a gan su a tafi. Na agana tare suke tafiya: idan kika duba hannu guda, duk ruwa ne, ko duk mugunya ce, ko duk sun bushe. A ƙarambau za ki ga sabon ƙurji kusa da wanda ya riga ya yi ɓawo. Ƙurjin agana yana da zurfi da tauri, kamar an cusa tsakuwa ƙarƙashin fata, na ƙarambau a sama-sama yake, da an taɓa sai ya fashe. Mai tsananin irin agana tana kashe kusan mutum 3 cikin 10, waɗanda suka tashi kuma da yawa sukan fita da zanzana, wasu da makanta.

Ki kwantar da hankalinki game da yara. A watan Mayu na 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, kuma ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa.

Ina karatun aikin lafiya. Malaminmu ya ce lamba, wato rigakafin agana, ba irin allurar da muka saba ba ce. Don Allah a yi mini bayanin yadda ake yin ta daki-daki.
*Wata ɗaliba daga Damagaram*

Gaskiya malaminki ya faɗa. Maganin lamba ƙwayar cuta ce mai rai, dangin agana ce amma ba ita ba, ana kiran ta baksiniya. Ba a tura ta cikin tsoka. A saman fata ake dasa ta, kamar yadda ake dasa iri, kuma sai ta tsiro a wurin sannan jiki ke samun kariya. Asalin dabarar na Edward Jenner ne, likitan Ingila da ya gwada ta a 1796 da ruwan ƙurjin shanu.

Abu biyu ne suka sa aikin ya yiwu a ƙasashe masu zafi. Na farko busasshen magani. Maganin ruwa na da can yakan mutu cikin 'yan kwanaki a zafinmu, shi ya sa aka yi ta yi wa mutane lambar da ba ta kamawa. Busasshen kuwa, wanda ke zuwa kamar gari a 'yar kwalba, sharaɗinsa shi ne ya jure wata guda a zafin digiri 37 ba tare da ya lalace ba, don haka ma'aikaci na iya ɗaukar na wata ɗaya a jaka ya shiga ƙauyuka ba firij. Na biyu allura mai baki biyu, wadda Benjamin Rubin ya ƙirƙiro a 1965, aka fara amfani da ita sosai daga 1968. Siririn ƙarfe ne, bakinsa a rabe kamar 'yar ƙaramar gwafa.

Ga yadda ake yi. A zuba ruwan haɗi cikin kwalbar garin a bari ya narke. A sa wanda za a yi wa ya buɗe damtsensa. Ba a shafa sifirit, domin sifirit yana kashe ƙwayar maganin, kuma wannan kuskuren shi ya fi yawa a hannun wanda ya saba da sauran allurai. In fatar ta yi datti ƙwarai, a goge da ruwa a bari ta bushe. A tsoma bakin allurar cikin kwalbar sau ɗaya, a ɗaga a duba: ɗigo guda zai maƙale tsakanin bakunan biyu, shi ne adadin da ake bukata. Ma'aikaci ya riƙe damtsen ta ƙasa da hannu ɗaya yadda fatar za ta miƙe, ya ɗora wuyan ɗaya hannun a kan damtsen don kada ya yi rawa, ya tsayar da allurar cak, ya yi sara 15 da sauri a wuri guda da faɗinsa bai wuce milimita 5 ba. Sannan ya dakata daƙiƙa 15 zuwa 20. In ɗan jini ya tsatso, saran ya isa. In bai tsatso ba, hannun ya yi sanyi, sai a sake. Tausayi ne yakan sa sabon ma'aikaci yin sara sama-sama, musamman ga jariri, kuma lambar da aka yi da irin wannan tausayi ba ta kamawa.

Allurar da ta taɓa fatar mutum ba ta komawa cikin kwalba, kuma kowane mutum da tasa allurar. A wancan zamani ana tara waɗanda aka yi aiki da su cikin wani ɗan gwangwanin roba mai huji, a tafasa minti 20, a tsane, a sake amfani da su. Yau sau ɗaya ake amfani da allura a jefar. Maganin da aka riga aka haɗa ana kare shi daga rana, a inuwa ake aiki, kuma abin da ya rage da yamma zubarwa ake yi. Da wannan allura kwalbar da a da take isar mutum 25 ta koma tana isar 100.

Aikin bai ƙare ranar da aka yi saran ba. Kwana uku zuwa huɗu wani ɗan jan tudu mai ƙaiƙayi zai taso. Zuwa kwana biyar ko shida ya tara ruwa, tsakiyarsa a loɓe. Daga kwana bakwai zuwa sha ɗaya ya koma mugunya, kewayensa ya yi ja, wataƙila da zazzaɓi da kaluluwa a hammata. Daga nan ya bushe, ɓawon ya faɗi wajen mako na uku, ya bar tabon da ya ba abin sunansa. Ana komawa a duba hannu tsakanin kwana shida da takwas. In babu ƙurji a lokacin, lamba ba ta kama ba, mutumin ba shi da kariya, sai a sake masa. Ja da ƙaiƙayin da suka zo washegari suka ɓace kafin mako ba kamawa ba ne, kuma sun yaudari ma'aikata da yawa.

A ce yau a wayi gari da irin wannan cuta a ƙaramar hukumarmu, kuma maganin da ke hannu bai isa kowa ba. Da wa ake farawa?
*Wani jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, daga Jihar Bauci*

Malam, wannan tambayar ita ce ta fuskanci wani likita Ba'amurke, William Foege, a yankin Ogoja na gabashin Nijeriya a watan Disamba na 1966. An aiko masa cewa agana ta ɓulla a wani ƙauye, maganin da ke hannunsa kuma kaɗan ne. Sai ya yi amfani da rediyon da 'yan mishan ke magana da juna, ya roƙi kowannensu ya tura 'yan aike ƙauyukan da ke kewayensa su binciko inda ake da masu cutar. Da labari ya dawo, aka kai maganin waɗannan ƙauyuka kaɗai, sannan aka tambayi inda mutanensu ke da dangi da kasuwannin da suke ci, aka riga cutar isa can. Annobar ta tsaya alhali mafi yawan mutanen yankin ba a yi musu lamba ba. Wannan dabara ta zobe ita ce daga baya ta zama ƙashin bayan aikin a duniya baki ɗaya.

Dalilin da ya sa take aiki yana cikin lissafin kwanaki. Agana tana ɗaukar wajen kwana 12 kafin ta bayyana, lamba kuwa ta fi ta saurin tayar da garkuwar jiki. Wanda aka yi wa lamba cikin kwana uku zuwa huɗu bayan ya zauna da mai cutar, ko dai ya tsira gaba ɗaya, ko cutar ta zo masa da sauƙi. Ga shi kuma ba dabba ko sauro da ke ɗauke da ita, daga mutum zuwa mutum kawai take tafiya, a hankali, tsakanin kamu da kamu kusan mako biyu. In aka datse mata hanya sau ɗaya, ba ta da wurin fakewa.

To a aikace, ranar da labari ya iso a ranar ake tashi. A ga majiyyacin a tabbatar. A killace shi, ko a gidansa ko a wani keɓantaccen wuri, mai jinyarsa ya zama wanda ya taɓa yin agana ko wanda lambarsa ta kama. A sa masu gadi a ƙofa dare da rana. A Indiya mutanen unguwar ake ɗauka aikin gadin a biya su, aikinsu su hana majiyyaci fita, su yi wa duk mai shiga lamba, su kuma kawo wa gidan abinci da ruwa da itace. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, domin gidan da aka rufe ba a ciyar da shi ba, dole wani ya fita nema ta bayan katanga.

Sannan a zauna da mutanen gidan a rubuta amsar tambayoyi guda biyu. Daga ina cutar ta zo: ina majiyyacin ya je, wa ya ziyarce shi mako biyu kafin zazzaɓi? Wannan ke kai ku ga wani gidan da ba ku sani ba. Ina kuma ta nufa: wa ya zo dubiya tun da ƙuraje suka fito, wa ya kwana ɗakin, wa ya wanke kayansa, wa ya tafi wani gari? A al'adarmu dubiya haƙƙi ce, ɗakin mara lafiya ba ya rabuwa da mutane, don haka jerin zai yi tsawo. In an yi rasuwa, a rubuta masu wankan gawa da waɗanda suka ɗauki tufafin mamacin. Duk waɗannan su ne zobe na farko, a yi musu lamba nan take. Iyalansu da maƙwabta su ne zobe na biyu. Daga nan a bi su kullum ana duba zazzaɓi har kusan mako uku, wanda jikinsa ya yi zafi a keɓe shi kafin ƙurji ya fito.

Dubi yadda aka yi da mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, wanda ƙurajensa suka fito ranar 26 ga Oktoba 1977. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, daga baya aka ce ƙarambau ce, mutane suka yi ta zuwa gaishe shi. Da aka gane, sai da aka zaƙulo mutum 161 da suka yi hulɗa da shi, aka kuma yi wa mutum 54,777 lamba cikin mako biyu. Ko ɗaya bai kamu ba.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne: labari ya makara, ko a yi lamba da rana lokacin da magidanta suna gona yara suna kiwo, a ƙirga gida an gama alhali rabinsa ba ya nan. Shi ya sa ma'aikata ke kwana a ƙauyen, su bi gidaje da asuba da bayan magariba, da rajistar sunan kowa a hannu.

Mahaifina yana ba mu labarin wata bindigar allura da aka kawo ƙofar fadar hakimi suna yara. Yaya aka yi aka tara jama'a haka, ba wayar hannu ba talabijin?
*Wani malamin firamare daga Argungu*

Abin da Baba ya gani na shirin da aka fara a 1967 ne a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da tallafin Amurka, wanda ya haɗa lambar agana ga kowa da allurar ƙyanda ga ƙananan yara. Sunan na'urar Ped-O-Jet. Ba ta da allura kuma ba ta bukatar lantarki: da ƙafa ake taka ta kamar keken ɗinki, ƙarfin matsi ya harba maganin cikin fata ta wata 'yar ƙaramar kafa. In layi ya miƙe tana iya yi wa mutum kusan 1,000 cikin awa guda. Wani ya naɗe hannun riga, wani ya riƙe damtse, mai na'ura ya harba, mai ƙirga ya ja layi a takarda. Ana duba ɗan kumburin da harbin ke bari, in babu shi maganin bai shiga ba. Matsalarta ita ce lalacewa da neman kayan gyara, kuma ba ta da amfani sai an tara mutane wuri guda. Zuwa ƙarshen 1969 an yi lamba miliyan 100 a yankin, a Nijar ma aka yi bikin cikar adadin.

Taron kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Kwana ɗaya ko biyu kafin ayari ya iso, ɗan share fage yakan riga su. Ya gaida hakimi, hakimi ya aika wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni, mai shela ya zaga gari da dare yana faɗin rana da wuri. Liman ya maimaita bayan salla. Ana zaɓar ranar da ba ta ci karo da shuka ko girbi ba, ana kuma kafa tebur a kasuwa ranar da take ci, a tasha, a mashigin kogi, da mashayar da makiyaya ke kawo shanu. Matan da ke cikin kulle ba sa zuwa dandali, sai an shiga musu gida da izinin maigida, kuma nan ne mata ma'aikata da allura mai baki biyu suka fi bindiga amfani.

Akwai wani mataki da ba kasafai ake tuna shi ba. Bayan mako guda wani ayari daban, wanda ba ya ƙarƙashin masu yin lambar, yakan biyo baya ya zaɓi wasu ƙauyuka ya duba damatsa. Ana neman aƙalla mutum 80 cikin 100 a same su da lamba, sannan cikin waɗanda aka yi wa karon farko, 95 cikin 100 ta kama. In ba a kai ba, a koma. Takarda tana iya ƙarya, tabon hannu ba ya yi.

Manyan birane ma da irin wannan salon suka tsira. A 1947 wani matafiyi ya shigo New York daga Meziko da agana ya rasu a can. Kwamishinan lafiya na birnin, Israel Weinstein, ya fito rediyo ya faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ake ciki. Magajin gari William O'Dwyer ya naɗe hannun riga aka yi masa a gaban 'yan jarida. Aka buɗe wuraren lamba kyauta a asibitoci da makarantu da ofisoshin 'yan sanda, masu sa kai suka bi gida-gida. Hukumar lafiya ta birnin ta ce an yi wa mutum fiye da miliyan 6 cikin ƙasa da wata guda. Mutum 12 suka kamu, biyu suka rasu.

Wanda ya ƙi yarda fa? Ni a ganina lokacin annoba a sa hukuma ta kama mutum a yi masa ko yana so ko ba ya so.
*Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi*

Alhaji, mun fahimci zafin zuciyarka, domin ƙin mutum ɗaya yana iya jawo wa unguwa. A Abakaliki a 1967 mutum 32 suka kamu, 30 daga cikinsu mabiya wata majami'a ce da ba ta yarda da magani ba. An kuma yi amfani da tilas a wurare da dama, har kotun ƙolin Amurka ta halatta wa hukuma wajabta lamba a 1905. Sai dai mu ba ma ba da shawarar a fara da ƙarfi, kuma dalilinmu na aiki ne. Dabarar zobe gaba ɗayanta a kan labari ta dogara, labarin kuma a bakin jama'a yake. Ranar da mutane suka ga ana jan maƙwabcinsu da ƙarfi, ranar suke fara ɓoye marasa lafiya a ƙuryar ɗaki da rumbu, ko su gudu da su wani ƙauye cikin dare, su kai cutar inda babu ita.

A birnin Milwaukee na Amurka a 1894 hukumar lafiya ta riƙa ɗauke 'ya'yan talakawa baƙin haure zuwa asibitin killacewa da ƙarfi, tana barin masu hali su yi jinya a gidajensu. Mata suka fito da sanduna da tafasasshen ruwa suna korar keken dokin asibiti, aka yi wajen wata guda ana tarzoma. Fiye da mutum 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka mutu. Rashin adalcin ne ya fi fusata mutane.

Mai ƙi yawanci yana da dalili, sai an zauna an ji shi. Wani tsoron ciwon hannu yake yi ga aikin gona a gabansa. Wata ta ga an yi wa ɗan maƙwabciya ya yi zazzaɓi. Wani kuwa tambayarsa ita ce, me ya sa asibitin garinsu ba magani amma wannan ake biyo shi da shi har gida kyauta. A faɗa musu gaskiya tun kafin a yi: hannu zai yi ƙurji, za a yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, alamar kamawa ce. A fara da mai gari da liman da 'ya'yansu a bainar jama'a. A aika wanda ake jin kunyarsa, surukin mutum ko malaminsa, maimakon ɗan sanda. Ga mai cewa ƙaddara ce, malamai suna da amsa a hannu: hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla da fita daga cikinsa, da maganar Sayyidina Umar lokacin da ya juya daga hanyar Sham, cewa muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mun ga irin wannan a kusa: da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, kuma ba a shawo kan lamarin ba sai da sarakuna da malamai suka shige gaba.

An haife ni a 1992 kuma ina da tabo a damtsen hagu. Ke nan an yi mini ta agana?
*Wani matashi daga Kumasi*

A'a. Naka na allurar BCG ne, ta tarin fuka, wadda ake yi wa jarirai bayan haihuwa. An daina lambar agana ga jama'a tun wajen 1980. Tabon BCG ƙarami ne, sau da yawa a ɗan tashe. Na agana ya fi faɗi, a loɓe yake, fuskarsa da ƙananan ramuka. Ka duba damtsen wanda ya haura shekara hamsin a gidanku ka gwada da naka.

In lamba tana da wannan amfani, me ya hana a ci gaba da yi wa yara, tunda ga ƙyandar biri ta zo?
*Wata ungozoma daga Garwa*

Inna, saboda tsohuwar lamba tana da nata haɗarin. Tunda ƙwayar mai rai ce, ruwan ƙurjin yana iya komawa wani wuri. Yaro ya sosa hannu ya murza ido, ƙurji ya fito a idon, har ya taɓa gani. Shi ya sa ake rufe wurin da ƙyalle mai tsabta sako-sako, a hana susa, a wanke hannu da sabulu, a ware tsumman wanka, kuma ba a shafa toka ko mai ko wani ganye a kai. Ga mai ciwon fata mai ƙaiƙayi da tsagewa, ƙurajen na iya bazuwa duk jiki. Ga wanda garkuwar jikinsa ta raunana, kamar mai cutar ƙanjamau ko mai shan maganin daji, gyambon yakan ƙi warkewa ya yi ta cin nama. Mai juna biyu tana iya rasa cikin. Akan kuma samu kumburin ƙwaƙwalwa ko na zuciya nan da can. Cikin mutum miliyan ɗaya da aka yi wa karon farko, ɗaya ko biyu sukan mutu. Lokacin da agana ke kama mutum miliyan 10 zuwa 15 a shekara, kamar yadda aka ƙiyasta a 1967, wannan haɗarin ƙarami ne, har ma wanda ya zauna da mai cutar ana yi masa ko da yana cikin waɗannan rukunai. Yanzu da ƙwayar agana ta rage a ɗakunan bincike biyu kawai, ɗaya a Atlanta ta Amurka ɗaya a Koltsovo ta Rasha, babu hujjar jefa kowane jariri cikinsa.

Ƙyandar biri kuwa dangin agana ce, kuma binciken da aka yi a Kwango a shekarun 1980 ya nuna tsohuwar lamba tana ba da kariya daga gare ta kusan kashi 85 cikin 100. Ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, a Jihar Bayelsa, bayan kusan shekara arba'in ba a ji ɗuriyarta ba, kuma yawancin masu kamuwa waɗanda aka haifa bayan an daina lamba ne. Maganin da aka fi amfani da shi a kanta yanzu, Jynneos, ƙwayarsa ba ta hayayyafa a jikin mutum, don haka ba ya yin ƙurji ba ya barin tabo. Allura biyu ce, tsakaninsu kwana 28. Nijeriya ta karɓi guda 10,000 a watan Agusta na 2024, adadin da ba zai isa a bi kowa ba, sai ma'aikatan lafiya da waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar.

Ke da kike shiga ɗakunan mata, ga abin lura: zazzaɓi, sannan ƙuraje masu tauri da suka kai tafin hannu ko tafin ƙafa ko al'aura, tare da kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi. Kumburin kaluluwar nan shi ya fi bambanta ta da ƙarambau. In kin ga haka, kada ki taɓa ƙurajen da hannu tsirara, ki sa a ware wa mara lafiyar shimfiɗa da kwanon ci, ki rubuta sunayen waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ki kai labari asibiti mafi kusa a ranar, ki ce a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na yankinku.